Ranar rigakafi layi ya yi tsawo: ta yaya zan duba wayon yaro bayan nauyinsa?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke yankin Ringim a Jigawa. Ranar rigakafi mata sukan cika rumfa, mu biyu ne kawai a wurin. Mu auna yaro, mu yi masa allura, mu cika kati, shi ke nan. A wajen wani horo an ce mu riƙa taimaka wa iyaye kan buɗewar ƙwaƙwalwar yaro ta hanyar wasa da hira. Lokaci babu, kayan wasa babu, kuma in na ce wa uwa ta riƙa yi wa jaririnta hira sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Na yi shekaru ina duba yara a irin rumfar da kike zaune, na san yadda hannu yake gajiya da cika kati kafin azahar. Ba zan ɗora miki sabon kaya ba. Abin da ake nema a wurinki yana cikin mintunan da kike da su tun asali, daga lokacin da uwa ta kwance goyo zuwa lokacin da ta mayar da shi baya. Ido ne, da tambaya ɗaya, da yabo ɗaya, da abu ɗaya da za ki nuna mata da hannunki.

Dalilin da ya sa ake matsa muku a kan wannan ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jigawa yara 64 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, alhali a ƙasa baki ɗaya 37 ne. Abinci ne kan gaba, babu musu. Amma akwai wani aiki da aka yi a Kingston ta ƙasar Jamaika daga 1986 wanda nake so ki riƙe. An ɗauki yara tsumburarru masu wata 9 zuwa 24, aka riƙa tura musu ma'aikatan lafiya na unguwa, irinki sak, sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka koma aka nemo yaran, aka tarar abin da suke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a kai wa ziyarar ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Waɗanda aka ba madara kawai ba tare da wasan ba, amfanin bai bi su har girma haka ba. Irin wannan shaida ce ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar da tsarin renon yara a 2018, inda suka jera kulawar da ke amsa wa yaro da damar koyo tun yana jariri a sahu ɗaya da lafiya da abinci da tsaro.

To, ga uwa ta zauna a gabanki. Kafin ki taɓa sikeli, kalli yadda ta kwance shi. Kansa ya tsaya ko yana langaɓewa? Ya kalle ki? Ya bi fuskarki da ido? Da allura ta shige shi ya tsala kuka, wa ya nema, kuma yaya ta rarrashe shi? Wannan duk ba ya cin minti ɗaya, kuma rabin binciken ke nan. Sannan kada ki ce "Yana lafiya?", domin amsar da za ki samu ita ce "Lafiya lau", ko da yaron bai taɓa juyawa ba. Ce mata, "Tun zuwanku na baya, wane sabon abu ya fara yi?" Nan za ki ji "ya fara dariya", "yana kai hannu wajen kwano", "ya fara gwaranci". In ta yi shiru tana tunani ta rasa abin faɗa, wannan shirun shi ma amsa ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In uwa ko kaka ta ce miki "ni dai yaron nan ba kamar yayyensa ba ne", ajiye biro ki saurara, sau da yawa tana da gaskiya.

Daga nan sai yabo, kuma ya zama na gaskiya, a kan abin da kika gani da idonki: "Kin ga yadda ya yi shiru da ya ji muryarki? Ya san ki, ke ce maganin kukansa." Matanmu na karkara sun saba da faɗa a asibiti: kin makara, kin ɓatar da kati, kin bar shi da dauɗa. Wadda aka yaba wa tana dawowa, kuma tana karɓar shawarar da ta biyo baya.

Yanzu maganar dariyar nan da rufe fuska, wadda ita ce zuciyar tambayarki. Ba taurin kai ba ne, ba kuma rashin ƙauna ba. Kunya ce, musamman in ɗan fari ne. Yarinyar da aka tarbiyyantar a kan kada ta kira sunan ɗanta na fari, kada a gan ta tana yi masa wasa gaban surukai, ke kuma kin ce ta yi masa hira a gaban mata cike da rumfa, wataƙila har da uwar mijinta a gefe. Ba za ta yi ba, kuma in kika nace kin rasa ta. Ni ba na yaƙi da wannan kunya. Nakan rage murya in ce mata, "A ɗaki, in kina ba shi nono ko kina yi masa wanka, babu mai ganinki. Kalle shi cikin ido. In ya yi gwaranci, ki mayar masa da irin sautin da ya yi, ki jira ya sake." Kusan duka suna yin haka dama a ɓoye, abin da suke buƙata shi ne wani ya gaya musu cewa ba shirme ba ne, ginin ƙwaƙwalwa ne.

Sannan ki tambaya wa yake ɗaukar yaron in uwar tana daka ko ta tafi rijiya. A gidan Bahaushe yaro ba na mutum ɗaya ba ne. Kaka ba ta da kunyar jika, wasa ne ma tsakaninsu: ita ce mai kiran sa mijinta, ita ce mai yi masa tawai, mai cilla shi a cinya tana masa waƙa. Idan kakar ta rako su, da ita za ki yi maganar, cikin girmamawa: "Iya, ku ne kuka raine mu, ku kuka san waƙoƙin reno. Abin nan da kuke yi masa, likitoci sun gano shi ne yake buɗe wa yaro baki da wayo. A ƙara masa, a kuma koya wa yayyensa." Tsohuwar da aka ba wannan matsayi za ta zame miki ma'aikaciya a cikin gida, ita ce kuma za ta ba surukarta izinin da ke ba ki da ikon bayarwa. Yayyen nan 'yan shekara bakwai da takwas masu yawo da goyo, su ne suke yi masa tata in ya fara miƙewa. A gaya musu su riƙa faɗa masa sunan abin da ya nuna, akuya ce, kaza ce, wata ne. Uba ma yana da rabonsa a kan tabarma bayan magariba, ko da minti goma ne yaro ya hau cinyarsa ya ja masa gemu a amsa masa.

Abin da na lura yana ƙaranci a gidajenmu ba ɗauka ba ne. Jaririnmu yana manne da jikin mutum kusan yini guda, wannan kuwa alheri ne da wasu ƙasashe suke nema. Amma a baya yake, fuskarsa ba ta haɗuwa da ta kowa, kuma an ɗauka cewa wanda bai iya magana ba, ba a yi masa magana. Gyaran ke nan: a riƙa sauke shi a kan tabarma mai tsabta, a kifa shi a kan cikinsa yana farke ana kallon sa don wuyansa ya yi ƙarfi, a fuskance shi, a amsa masa.

Kayan wasa kuwa suna cikin madafa. Ƙwarya da ludayi ganga ce. Kwanoni uku masu shiga cikin juna darasi ne na babba da ƙarami. Robar ruwa da aka zuba wa tsakuwa aka ɗaure murfinta tam ta zama kacau-kacau. Ɗankwali ya isa wasan ɓuya, wanda yake koya wa ɗan wata tara cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan. Ki ajiye irin waɗannan a kan teburinki. Da safe, lokacin da kike yi wa mata jawabi kafin a fara allura, karɓi jariri ɗaya ki yi wasan da shi a gabansu. Minti biyar ɗin nan ya isar wa kowa da ke rumfar, kuma dariyar da za a yi ta zama ta jin daɗi. Ki dai ja kunne a kan duk abin da zai shige baki ya shaƙe yaro: gyaɗa, duwatsun wuya, ƙananan batura. Waya kuma, wadda yanzu ta shiga kowane ƙauye: shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Waya tana magana amma ba ta jiran amsar yaro.

Sai kuma sanin lokacin da ya kamata hankalinki ya tashi. Yara ba sa tafiya a layi ɗaya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006 a kan yara masu lafiya daga ƙasashe biyar, har da Ghana, ya nuna wani yana zama da kansa tun kafin wata huɗu ya cika, wani sai ya haura tara kaɗan. Wani yana tafiya a wata takwas, wani sai dab da sha takwas. Wasu ma ba sa rarrafe sam, daga jan gindi sai miƙewa, kuma lafiyarsu ƙalau. Saboda haka kada ki tsorata uwa don ɗan kishiyarta ya riga nata. Bakwaini kuma ki cire masa makonnin da ya rage a ciki kafin ki yi masa hisabi, har ya kai shekara biyu. Amma akwai iyaka. Jaririn da ya wuce wata uku ba ya murmushi ba ya bin fuska da ido. Ɗan wata huɗu zuwa biyar da kansa bai tsaya ba. Wanda ya haura wata tara bai zauna ba, ko ba ya gwaranci. Ɗan shekara ɗaya da ba ya waiwayowa in an kira sunansa. Ɗan wata sha takwas da ba ya tafiya, ko ba shi da kalma ko ɗaya, ko ba ya nuna abu da yatsa. Ɗan shekara biyu da ba ya haɗa kalma biyu kamar "ba ni" da "Mama zo". Haka jikin da ya sanƙare ƙafafu suna harɗewa, ko ya saki kamar tsumma, ko jaririn da yake amfani da hannu ɗaya kawai ɗayan a dunƙule. Wanda ya fi duka gaggawa shi ne yaron da ya iya abu sannan ya daina, ko a wane wata yake.

Matsalar ita ce jadawalin rigakafi yana kawo miki yaro a mako 6, 10 da 14, sai wata 9, sai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 wadda da yawa ba sa dawowa dominta. Wato yara suna ɓace miki daidai lokacin da tafiya da magana suke fitowa. Don haka duk wata dama ki kama ta: ɗigon bitamin A na kowane wata shida, rabon maganin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida, awon damtse, har ma ranar da aka kawo shi da gudawa. Yaron da damtsensa ya faɗa ja a ma'aunin damtse, wato ƙasa da santimita 11.5, yana buƙatar abincin tamowa, yana kuma buƙatar wasa fiye da kowa, domin tamowa tana sa yaro ya yi lamo, in ya yi lamo kuma mutane sai su daina kula shi.

Bari in daɗe a kan kunne, domin nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. An kawo min wani yaro ɗan shekara uku ba ya magana. Kakarsa ta ce nauyin baki ne, gadon gidansu ne, babansa ma sai da ya girma. Da na buɗe katinsa sai na ga rubutuna a ciki. Na gan shi yana wata tara, na auna shi, na sallame shi, ban tambayi komai ba. Da na bi tarihi, ashe ya yi shawara mai tsanani a makon haihuwarsa, aka yi ta shanya shi a hantsi ana ba shi jiƙo. Yaron ba ya ji. Shekara biyu da watanni aka yi asara, lokacin da ya fi kowane lokaci daraja ga koyon harshe. Tun daga ranar, duk yaron da aka ce min yana da nauyin baki, kunne nake fara zargi. Ki tambayi abubuwa huɗu: ya yi shawara yana jariri? Ya yi kuka da aka haife shi, ko an sha doguwar naƙuda? Ya taɓa sanƙarau ko zazzaɓi mai jijjiga da suma? Kunnensa yana zubar da ruwa? Ki gwada kiran sa daga baya inda ba ya ganin ki ko inuwarki. Amma ki sani kurman yaro yana da kaifin ido, yana iya juyowa don ya ga motsi, saboda haka in tarihin yana nan kuma magana ta makara, tura shi a auna jinsa da na'ura ko da ya waiwayo miki.

Shawarar jarirai kuwa a hannunki rigakafin ɓarnarta yake. Ki duba kowane jariri a hasken rana, idonsa da dasashinsa, ki danna fatar hanci ko goshi ki saki. In rawaya ta bayyana a ranar farko, ko ta sauka har tafin hannu da tafin ƙafa, ko jariri ya ƙi kama nono, tafiya babban asibiti ce a ranar, inda ake sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske ko a yi masa canjin jini. Hantsi da ruwan sukari ba sa maganinta. A kuma raba kayan jariri da kafur ɗin da ake sa wa cikin akwati, domin yana fasa jinin wasu jarirai. Kwalli ma ki yi maganarsa a hankali: na dutse yakan ƙunshi dalma, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, kuma kaɗan ɗinta ma yana dakushe ƙwaƙwalwa.

In kin ga abin da bai yi miki ba, yadda za ki faɗa shi ne rabin aikin. Kada ki sa wa ciwon suna, ba a teburinki ake yanke wannan ba. Ki fara da abin da yaron ya iya, sannan ki ce, "Akwai abu ɗaya da nake so likitan yara ya duba mana tun da wuri." Za ki ji ana cewa ɗan ruwa ne, ko iska ce ta taɓa shi, ko laifin uwar ne don ta fita da almuru tana da ciki. Wannan na ƙarshe ki kashe shi nan take, a gaban kowa: ba laifinta ba ne. Addu'a da tofi kuwa ban taɓa hana kowa ba. Nakan ce a ci gaba da roƙon Allah, a kuma je asibiti, domin neman magani shi ma umarni ne. Ki nemi a zo miki da maigidan, shi ne mai kuɗin mota da izinin tafiya, kuma bayanin da ya ji daga bakinki ya fi wanda aka kai masa saƙo. Ki rubuta takarda mai faɗin ainihin abin da kika gani, misali "wata 11, ba ya zama, ƙafafu a sanƙare, ya yi shawara a makon farko". Daga yankinku akwai babban asibitin Ringim, sai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da na tarayya a Birnin Kudu. A Kano akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano mai sashen kunne da na gashin ƙashi. Yaron da aka tabbatar ba ya ji, ki gaya wa iyayensa akwai makarantar Tudun Maliki a Kano da ake koyar da kurame, kuma tun yanzu a riƙa yi masa magana da hannu da fuska a gida. Waɗanda ba su da halin tafiya kada ki sake su: nuna wa uwar yadda za ta zaunar da shi a tallafe, kansa a miƙe, in za ta ba shi kunu don kada ya sarƙe, da yadda za ta riƙa motsa masa gaɓoɓi, a kuma fito da shi cikin yara maimakon ɓoye shi a ɗaki.

Uwar ita kanta ki dube ta. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga matsalar damuwa bayan haihuwa. Mai jegon da ba ta kallon jaririnta, fuskarta ba walwala, ki jawo ta gefe ki ce, "Ke fa, yaya jikinki? Kina samun barci? Wa yake taya ki?" Wadda zuciyarta ta yi nauyi ba za ta iya yi wa yaro wasa ba, kuma in kika ƙara mata da umarni kin ƙara mata laifin da take ɗora wa kanta. A nemo mai taya ta a cikin gida. In ta ambaci son mutuwa ko cutar da jaririn, ko ta fara maganganun da ba kan gado, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta wurin likita a ranar. Sai kuma kwanika: da an ga ciki sai a cire yaro daga nono dare ɗaya a kai shi gidan kaka, ya rasa nono da uwa a lokaci guda, daga nan sai rama da shiru. Ciki ba ya lalata nono. In za a yaye, a yi shi sannu a hankali, a riga an saba masa da kunun gero mai waken suya da gyaɗa, da ƙwai da zogale.

Ranar rigakafi mai zuwa kada ki ce za ki yi wa kowa. Fara da masu zuwa allurar wata tara kawai, su ba su da yawa. Ki yi musu tambayar nan ɗaya, ki ga ko yana zama, ki kira shi daga baya, ki miƙa masa ludayi ki ga ko zai karɓa ya mayar ɗaya hannun. A gefen katin ki rubuta abin da kika gani da kwanan wata, ki kuma gaya wa uwar cewa in sun dawo a wata sha biyar kina so ki ji kalmar da ya fara faɗa.